Inda Jijiya Ta Karye

Gidanmu ba a san shi da komai ba sai farar ƙasa. Duk Wudil, in mace za ta yi shafen ɗaki gabanin Sallah, ko za a gyara ɗakin amarya, ko malami yana neman abin shafe allo, ƙofarmu ake aikowa. Har tsokanarmu ake yi a kasuwar Juma'a, wai ba a gane tsoho a gidanmu don kowa furfura gare shi, har jakinmu. Ba ƙarya suka yi mana ba. Na yi shekara ashirin da wani abu ban san asalin launin tafin hannuna ba, kuma in na yi tari fari nake tofarwa.

Ramin namu yana wani fako ne a gefen hanyar Achika, wurin da ko ƙaya ba ta son fitowa. Kakana ne ya fara shi. In ka sauka ƙasa ka ɗaga kai, bangon ya kai tsayin mutum uku, kuma komai a jere yake: ƙasar noma a sama, sai jar marmara, sai wani dutse mai ruwan toka mai taurin kai. A cikin wannan dutsen farar take kwance, kaurinta kamu ɗaya, ta karkata ta nutsa ƙasa. Ita muke kira jijiya. Ba gari ba ce kamar yadda mai saye yake ganinta, dutse ce mai laushi, sai an farfasa an jiƙa an dunƙule. Mai kyau in ka ɗiga mata ruwan lemun tsami sai ta yi kumfa tana ƙara, in kuma ka taɓa ta da harshe sai ta kama shi. Zamanin kakana a fili ake sararta. Zamanin Baba ta shige ƙarƙashin dutse, shi ma ya bi ta. Da abin ya zo kaina, sai na yi rarrafe mai nisa da aci-balbal a hannu kafin in isa inda aiki yake, in zauna a durƙushe, rufin yana gugar ƙeyata.

Ni ɗan fari ne, saboda haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. “Kai” yake ce mini. Inna kuwa ko “kai” ɗin ba ta cika yi ba, in tana son in ci abinci sai ta gaya wa bango cewa tuwo yana hucewa. Ƙannena duk mata ne, sun yi aure sun watse. Shi ya sa da yanar ido ta rufe idanun Baba, babu wanda ya tsaya tambayar wa zai gaji ramin. Na wayi gari na ga diga a jingine a ƙofar ɗakina, maganar ke nan.

Kafin idonsa ya tafi ya koya mini abin da ya sani, kuma ba da baki yake koyarwa ba, hannuna yake kamawa ya ɗora a kan dutse. Abin da ya fi nanata mini shi ne karaya. Wani lokaci kana bin jijiya sai ka iske ta tsaya cik a jikin wani shafi mai santsi, baƙi-baƙi, kamar an yanka ta da wuƙa. Wanda bai sani ba sai ya tattara kayansa ya ce ta ƙare. Baba ya ce ƙasa ce ta taɓa motsawa tun ba a yi mutane ba, ta karye kamar ƙashin ƙafa, ɓari ɗaya ya zame ya bar ɗaya. Jijiyar tana nan a ƙetare, ko sama ko ƙasa. Yadda ake sani kuwa, ka shafa shafin da tafin hannu kamar kana shafa bayan jaki. Ta inda ka ji laushi, can ɗaya ɓarin ya tafi. Ta inda ka ji kaushi, kada ka ɓata ƙarfinka. Ya nuna mini wata tsohuwar karaya a bangon waje, inda farar ta yi tsalle kamar tsayin gwiwa, ya sa na shafa ta har na gaji. Lokacin na ɗauka surutun tsofaffi ne kawai.

A shekarun nan na alif ɗari tara da hamsin da 'yan kai, kafin a karɓi mulki, kowane saurayi a garinmu idonsa yana kan hanya. Ana ta aikin titi da kwalbatoci, manyan motoci suna wucewa ta kan gada da lebura a baya suna waƙa. Wani abokina da muka yi wasan ƙasa tare ya bi su, bayan damina biyu ya dawo da keke da takalmi sau-ciki, yana ce wa mutane “ina gajiya” da wata irin murya. Ni kuma ina rarrafe cikin rami kamar gafiya. Ba zan ɓoye ba, hassada ta ci ni har na rame. Ba kekensa ne ya fi damuna ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yana aiki a tsaye, sama a buɗe a kansa.

Ɗan fari ba ya tunkarar ubansa da irin wannan magana, don haka na bi ta wurin Kawu, ƙanen Inna. Kawu ya zo da hantsi, suka zauna a zaure, ni ina tsugune a waje inda zan ji. Sai da suka gama gaisuwa tun daga gida har kan awaki da labarin ruwan bana, sannan Kawu ya yi gyaran murya.

“Yaya, dama yaron nan ne. Yana ganin sa'o'insa suna tafiya aikin hanya, shi ne na ce bari in ji ta bakinka.”

 Baba ya ce, “Ramin nan ubana ya bar mini, bai kuma bar mini shi don ya zama gidan macizai ina raye ba. Ranar da jijiya ta ƙare, ya tafi, da albarkata. Kafin nan, in ya tafi, ba da yawuna ba.”

Yau yaro zai ce to me ya hana ka hawa mota kawai? A lokacinmu ba a yi wannan ƙafar ba. Mutumin da ya bar gida ba albarkar uba, ko ruwa ya sha sai ya shaƙe shi, haka muka yarda, kuma har gobe ni haka na yarda. Ƙofa a buɗe take, motar heluma, wato shugaban lebura, tana tsayawa bakin kasuwa duk Juma'a tana ɗibar mutane, amma ni kamar an ɗaure ni da igiyar jakinmu.

Sai na yi dabara irin ta wawaye. Na ce tunda sai ta ƙare, bari in ƙarar da ita. Ina yin asuba nake fita, ba na dawowa sai rana ta yi ja. Inda Baba yake cika mangala biyu a yini, ni na koma huɗu. Jakin ya tsane ni, in ya hango ni da safe sai ya juya mini baya. Farar ƙasa ta taru a gida har muka rasa inda za mu zuba, Inna tana dunƙulawa har hannunta ya tsattsage. Abin haushi, Baba ya shiga yabona a gaban mutane. Wai Allah ya ba shi ɗa mai zuciya, wanda ya riƙe sana'ar gado hannu biyu. In na ji haka sai in ji kamar in kurma ihu. Ita kuma jijiyar, kamar da gayya, ina cin ta tana ƙara kauri. Ta tashi daga kamu ɗaya ta kusa kamu da rabi.

Shekara uku na yi a haka. Ramin ya yi nisan da in na shiga ba na jin kukan jaki, ba na sanin azahar ta yi sai cikina ya faɗa mini. Iska ba ta isa can sosai, fitilar sai ta riƙa lumshewa, ni ma haka. Akwai ranakun da nake ajiye diga in kwanta rigingine, dutse yana tazarar hannu ɗaya da hancina, in ce da kaina ai kabari ma bai fi wannan ƙunci ba, shi aƙalla ba a cewa ka cika mangala. Na yi kuka a wurin ba sau ɗaya ba, kuma ban ji kunya ba don babu mai gani.

Wata Talata da rani, na kai sara sai na ji muryar diga ta sauya. Maimakon ɗan “dif” ɗin da na saba ji, sai ta zame gefe. Na matso da fitila na share da hannu. Farar ta tsaya cik, daga sama har ƙasa, a jikin wani baƙin shafi mai sheƙi da ya ratsa ta a karkace. Na yi kabbara da ƙarfi har ƙasa ta zubo mini a ka. Na riga na ga kaina a bayan mota, na ga keken ma, har launinsa na zaɓa.

Hannuna ne ya cuce ni. Ban aike shi ba, shi ya kai kansa ya shafa shafin yadda aka koya masa. Sama, kaushi. Ƙasa ta hagu, laushi kamar bayan ɗan akuya. Na janye shi kamar na taɓa wuta. Da ina da hankali da na tashi na tafi gida a lokacin, in faɗi abin da idona ya gani, ba tare da na yi ƙarya ba. Amma na ce wa kaina bari in ɗan taɓa don in tabbatar babu komai. Na sa dagi na fasa baƙin yumɓun da ke jikin shafin, can ƙasa ta hagu dab da daɓen ramin. Ban yi nisan taki ɗaya ba ta leƙo.

Ban taɓa ganin irinta ba. Fara sol, da ɗan danshi, ba tsakuwa ko ɗaya. Na ɓantari kaɗan na kai harshe, ta kama shi kamar ba za ta saki ba. Na zura hannu na laluba sama da ƙasa, ban taɓo iyakarta ba. Wannan ba aikin shekara uku ba ne, ba na goma ba ne. Na zauna ina kallonta, ita ma tana kallona, na san in na buɗe baki na faɗa, a ramin nan zan makance kamar Baba, in miƙa wa ɗana diga.

Na tsiyayi ruwan gorata, na kwaɓa baƙin yumɓun da na fasa, na haɗa da jar ƙasa da na ɗebo daga bakin rami. Na cusa tsakuwa a kafar, na yaɓe ta, na shafe da yatsu, na watsa ƙura a kai. Ni a ganina ko aljani ba zai gane ba. Na fito na ɗora wa jaki rabin mangala, muka kama hanya, yana mamakin sauƙin da ya samu.

Bayan la'asar na iske Baba a zaure yana jan carbi. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi aiki.

“Baba,” na ce, “jijiya ta ƙare.”

Carbin ya tsaya. “Siririya ta yi ta ɓace, ko karaya ta samu?”

“Karaya ce. Amma na shafa, na sara sama na sara ƙasa, ba komai sai baƙin dutse.”

“To,” in ji shi. “Gobe ka kai ni.”

Wannan ne ban lissafa ba. Mutumin da ya shekara biyar bai wuce masallacin unguwa ba, ban zaci zai ce zai shiga rami ba. Na ce masa wurin ya yi nisa, iska babu, rufin ba shi da tabbas. Ya ce shi ya haƙa rabinsa, in rufin zai faɗo ya san shi.

Da safe na ɗora shi a kan jaki na ja. Da muka isa na miƙa hannu zan taimake shi, ya ture. Matakan da ke jikin bangon shi ya sassaƙa su, ƙafarsa ba ta manta ko ɗaya ba. Ya tuɓe rigarsa ya ninke, ya durƙusa ya shige gaba, ni ina biye da fitilar da ni kaɗai take yi wa amfani. Yana tafe yana shafa bango yana magana da kansa: nan ya tsaya shekarar da aka haifi wance, nan dutse ya taɓa danne masa yatsa. Da ya shiga inda ni na haƙa sai ya ce, “Kai, ka yi aiki.” Na so ƙasa ta tsage in shige, sai na tuna a cikinta nake.

Ƙarshen ramin ba ya ɗaukar mutum biyu. Ya ce in ja baya ina tare masa iska. Daga inda nake ba abin da nake gani sai ƙashin bayansa da tafin ƙafarsa. Na ji tafin hannunsa yana bin shafin, sama, sannan ƙasa. Na ga kafaɗarsa ta hagu ta sunkuya.  Ya daɗe a sunkuye, ina jin ɗan motsi kamar na ɓera. Ya ce in miƙo masa gora, ƙishirwa yake ji. Na miƙa. Ya ƙara ɗaukar lokaci, har fitila ta fara lumshewa.

“Ta ƙare,” in ji shi. “Juya mu fita.”

Wallahi murna na yi. Na ce a raina tsufa ya cinye hannun da ido ya bari, na ci nasara a kan makaho. Da yamma ya aika aka kira Kawu, ya faɗa a gabansa cewa ya je ya taɓa da hannunsa, jijiya ta ƙare, yaro ya cika alkawari. Ya ɗora hannu a kaina, abin da bai taɓa yi ba tun ina ƙarami, ya ce Allah ya yi mini albarka, ya tsare gabana da bayana. Juma'a na hau motar heluma. Inna ba ta fito ba, ta dai aiko mini da ƙullin ƙuli-ƙuli da saƙon cewa a gaya wa mai tafiya ya riƙa sallah a kan lokaci.

Kada in ja ku da nisa, aikin hanyar da na yi ta mafarki, da heluma ya ji sana'ar gidanmu sai ya ce madalla, ya tura ni ramin fasa dutse. Rami ne dai, sai dai wannan ba rufi, kuma ba namu ba ne. Akwai fararen jijiyoyi a jikin dutsen nan ma, masu tauri kamar ƙanƙara, da karaya iri-iri, ba wanda ya damu da su, duka ake farfasawa a zuba a mota. Ni kaɗai nake tsayawa in shafa in ba mai kallo. Keken na saya a shekara ta biyu, ban kuma ji daɗin da na zata ba. Ina aika abin da ya sawwaƙa gida, Kawu yana taimaka musu da noman 'yar gonarmu, Inna ta koma kaɗi.

A ƙarshen wannan shekarar aka aiko Baba ya rasu. Kafin saƙo ya same ni, kafin in iso, har an yi sadakar uku. Na zauna a zaure ina karɓar gaisuwa, kowa ya zo sai ya faɗi abu ɗaya: mutum ne da ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ce ita har bara ta aika a tambaya ko an samu farar ƙasa, ya ce a gaya mata ta ƙare. Ta ce duk gabanin Sallah haka yake wuni yana sallamar 'yan aike da wannan kalmar.

Da mutane suka ragu na shiga cikin gida. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta. Ba ta dube ni ba, ta tura wani ɗan ƙullin tsumma gabana da bayan hannu, ta juya fuskarta wajen bango kamar yadda ta saba.

“Ya ce in mai ramin ya dawo a ba shi. A aljihun wandonsa ya zo da ita ranar da suka je tare, tun ranar kuma tana ƙarƙashin matashinsa.”

Na kwance. Ɓantaren farar ƙasa ne kamar ƙwan kaza, fari sol, ba tsakuwa. A gefe ɗaya baƙin yumɓu da jar ƙasa sun bushe a jikinsa, da sawun yatsu uku a kai. Ban buƙaci in gwada ba, amma na ɗora nawa, suka zauna daidai.

“Ya ce tun zamanin ubansa ba a taɓa samun mai kyanta ba,” in ji Inna, har yanzu da bango take magana. “Ya ce kuma a gaya masa yaɓensa bai yi kyau ba, ko yaro zai gane. Shi ya sa ya karɓi gorar ruwa, ya gyara masa.”